Yadda Ake Sassaƙa Taken Fim

Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso da kafet don kada ƙarar janareta ta shigo. A ciki akwai fiyano ƙirar Yamaha, da kwamfuta, da lasifika biyu, da kujerar roba guda ta baƙo. A kan kujerar nan na yi watanni ina zama a bayan wani makaɗin fim a Kano, mutumin da ya girme ni da kusan shekara goma, nake kiransa Yaya. Rubutun labari ne ya kai ni wurinsa, amma abin da ya riƙe ni shi ne ganin yadda ake haifar ɗan kiɗan nan da ke bin mutum har gida bayan fim ya ƙare, ya kwana da shi, ya tashi da shi, yana wanka yana fito da shi bai ma sani ba.

Ba waƙar rawa nake nufi ba, wadda jarumi da jaruma ke bin juna a lambu. Waccan sana'a ce daban, da mawaƙanta da kasuwarta. Ina nufin kiɗan da ba shi da baiti, wanda da ka ji amonsa uku ko huɗu ka san wane ne zai shigo. Mu muna da sunansa tun kafin a ƙirƙiro silima: take. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san kalangu kan kira ɗan dambe tun yana bayan taro, jama'a su waiga kafin su gan shi. Sarki da takensa, mahauci da nasa, manomi ma da nasa a gayya. Turawa sun zo ga wannan dabara ta hanyar wasannin waƙa na dandamali, musamman na Richard Wagner ɗan Jamus a ƙarni na 19, sannan makaɗa irin su Max Steiner suka shigar da ita finafinan Amurka, kamar yadda ya yi a King Kong na 1933. Yaya bai damu da wannan tarihi ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Ƙanena, take nake yi wa mutum. In ban san mutumin ba, me zan kaɗa masa?"

Don haka aikin da kallo yake farawa. Edita ya kawo fim tsirara, babu kiɗa ko ɗaya, a zauna da darakta a kalle shi daga farko har ƙarshe, ana rubuta minti kaza kiɗa ya shiga, minti kaza ya fita. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya fi muhimmanci a zaman shi ne a yanke shawarar wane ne ya cancanci take, domin ba kowa ake yi wa ba. Fim ɗin da na fi bin aikinsa labarin wata uwa ne da ɗanta da ya tafi ci-rani ya daɗe bai waiwayo gida ba. Darakta yana so a yi wa yaron take, a yi wa budurwarsa, a yi wa bos. Yaya ya ce a'a, uwar za a yi wa, ko da yake fitowarta ba ta kai goma ba a fim ɗin gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce yaron ana ganinsa kullum, ba ya buƙatar mai tuna wa jama'a da shi. Uwar ce ba a gani, kuma ita ce nauyin da ke zuciyarsa.

Wannan hujja ta tuna mini da Jaws na 1975. Kifin shak ɗin da aka ƙera don fim ɗin na'ura ce mai yawan lalacewa a cikin ruwan teku, sai darakta Steven Spielberg ya rage nuna shi. Kiɗan John Williams ne ya zama kifin. Mai kallo ba ya ganin komai sai ruwa da ƙafafun masu iyo, amma amo biyu sun gaya masa mutuwa na tafe ta ƙasa. Take ya fi ƙarfi a inda ido bai kai ba.

Wasu kuma ta ƙarshe suke farowa. Darakta Sergio Leone da makaɗi Ennio Morricone, waɗanda suka yi aji ɗaya suna yara a birnin Rum, sun kai ga Morricone ya rubuta kiɗan Once Upon a Time in the West na 1968 tun kafin a fara ɗauka, ana kunna shi a wurin aiki 'yan wasa suna tafiya a kan karinsa. A wajenmu ban taɓa ganin an yi haka ba. Makaɗi shi ne na ƙarshe da ake nema, sau da yawa saura mako guda a saki fim.

Daga nan sai a zo wurin da aikin yake, wato neman amon da sassaƙa shi. Nan ne na ga gumi.

Yaya yakan kashe duk wasu muryoyin da ke cikin na'urar, ya bar fiyano zalla, ya kuma kaɗa da yatsa ɗaya. Babu ganga, babu goge, babu amsa-kuwwa. Ya ce kari in bai tsaya da ƙafarsa a yatsa ɗaya ba, ko ganguna ɗari ka jibga masa gurgu ne. Wannan shi ne kuskure na farko da sababbin yara ke yi: su sami kari mai rauni, su lulluɓe shi da kayan kiɗa masu daɗi, a ɗakin ya yi armashi, a fita waje babu wanda zai iya maimaita shi.

Daren farko ya sami wani kari mai tsawo, amo goma sha shida ko fiye, yana hawa yana sauka kamar kukan kurciya. Ni da na ji sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Yaya, ai an gama." Bai ce mini komai ba, bai kuma naɗe shi a kwamfuta ba. Ya rufe fiyano muka tafi gida. Da safe ya ce in rera masa abin da na ji jiya. Na kama farkon, na ɓace a tsakiya, ƙarshen kuwa ban san inda ya nufa ba. Shi kansa da ya zauna sai da ya laluba. Ya ce, "Ka gani? Mu biyu da muka so shi mun manta shi a dare ɗaya. Ina ga wanda yake kallo yana cin gyaɗa yana amsa waya?" Tun daga ranar na fahimci dalilin da ya sa ba ya naɗar komai a daren farko. Barci ne matankaɗinsa. Abin da ya rage a kai da asuba shi ne gari, sauran dusa ce.

Abin da ya rage amo bakwai ne. A kansu ya yi kwana huɗu.

Mutum zai yi mamakin a ce amo bakwai sun ci kwana huɗu, amma manyan sana'ar ma haka suke fama. Lokacin da Spielberg yake shirya Close Encounters of the Third Kind na 1977, ya nemi Williams ya ba shi amo biyar kacal da mutane za su gaisa da baƙin sararin samaniya da su. Williams ya so a bar shi ya yi bakwai, Spielberg ya dage a kan biyar, sai da aka jera salo kusan ɗari uku kafin a tsaya a kan guda. Na Jaws kuwa amo biyu ne, maɓallai biyu maƙwabta a can ƙasan fiyano, ana kai-komo a tsakaninsu. Da Williams ya fara kaɗa wa Spielberg, dariya ya yi, ya ɗauka wasa ake masa. Waɗannan amo biyun ne suka kawo wa Williams kyautar Oscar.

To me ake nema a cikin kwana huɗun? Abu uku na ga yana juyawa, ko da yake shi bai taɓa lissafa mini su ba.

Akwai siffar karin, wato inda ya yi tsalle da inda ya taka a hankali. Tsalle babba zuwa sama yana buɗe ƙirji, shi ya sa taken Star Wars na 1977 da na Superman na 1978 duka suke da tsallen matakai biyar tun a farko, irin kiran da ƙaho ke yi. Matakai ƙanana masu manne da juna kuwa suna ƙuntata numfashi, kamar na kifin nan. Uwa mai jiran ɗa ba jaruma ba ce a fagen yaƙi, ba kuma abin tsoro ba ce. Sai Yaya ya sa karin ya taka matakai uku a hankali zuwa sama, kamar mai miƙewa daga tabarma ta leƙa zaure, sannan ya dawo.

Akwai kuma tafiyar, wato wane amo ne zai daɗe, wane ne zai wuce da sauri. Ya ce mini take na gaske ko a kan tebur ka ƙwanƙwasa shi da yatsa, ba tare da kari ba, a gane shi. Ya gwada mini da na James Bond, wanda Monty Norman ya rubuta, John Barry ya tsara don Dr. No na 1962. Ya buga a murfin fiyano, na gane nan take. A nan ne kunnen Bahaushe yake da wata baiwa. Harshenmu mai karin sauti ne, mun saba jin ganga tana magana, don haka kunnenmu yana neman kalma a cikin kowane kari. Yaya ya ɗauki yadda uwar ke kiran sunan ɗanta a fitowar farko, da hawa da saukar muryarta da yadda take jan gaɓar ƙarshe, ya dasa shi a amo uku na ƙarshe. Babu wanda aka gaya wa, amma duk wanda ya ji zai ji kamar ana kiran wani.

Na ukun shi ne mai wuyar, kuma a kansa aka kusa yin asara. A kwana na biyu karin ya zauna sumul, ko'ina daidai, mai daɗi. Yaya ya yi ta maimaita shi fuskarsa a murtuke. Ya ce ya yi santsi da yawa, babu inda zai maƙale. Kari in duk inda kunne ya zata nan ya bi, to zai shiga ta nan ya fita ta can. In kuma ko'ina ya saɓa wa zato, kunne zai ƙi shi. Ana son shida su bi hanyar da kowa ya sani, ɗaya ya kauce. Sai ya fara canza amo ɗaya-ɗaya. Ya ɗaga na huɗu, ya ji, ya mayar. Ya sauke na biyar, ya ji, ya mayar. Can wajen la'asar ya sami wani juyi da ya yi kyau ƙwarai, har muka tafa. Muna cikin murna wani yaron sutudiyon ya shigo da shayi, ya tsaya, ya ce, "Oga, wannan ai na fim ɗin Indiya ne," ya rera ci gabansa. Gaskiyarsa ne. Hannun Yaya ne ya bi tsohuwar hanya ba da saninsa ba.

Wannan haɗari ne da ke kan duk wanda ya tashi a garin da aka yi shekaru ana kallon Indiya a silimun Plaza da Marhaba da gidajen kallo na unguwa. Karin R.D. Burman da na Laxmikant da Pyarelal sun zauna a yatsun makaɗanmu tun suna yara, in mutum ya saki hannu can zai tafi. Na ga waɗanda in hakan ta faru sai su ce ai babu wanda zai lura. Yaya ya goge juyin, ya yi shiru na wani lokaci, ya tashi ya yi alwala. Ranar ba a ƙara taɓa fiyano ba.

A kwana na huɗu ya samu, kuma abin da ya yi ƙanƙane ne ƙwarai. Bai canza amo na shida ba, jinkirta shi ya yi. Ya bar ɗan gurbi kafinsa, kamar numfashin da mutum ke ja in magana ta tsaya masa a wuya, sannan amo na bakwai bai sauka gida ba, ya tsaya mataki ɗaya a sama da inda kunne ke jira. Karin ya zama tambayar da ba a amsa ba. Ya kaɗa sau biyu, ya rufe, bai naɗa ba. Washegari muna tsaye a bakin ƙofa sai ga yaron shayin nan yana wanke kofuna yana fito da shi, har da ɗan gurbin. Yaya ya dube ni, bai ce komai ba, ya shiga ya kunna kwamfuta.

Bayan an sami kari sai a nema masa murya, domin rabin gane take daga abin da aka busa ko aka kaɗa shi ne. A nan Morricone ba shi da na biyu. A The Good, the Bad and the Ugly na 1966 ya kwaikwayi kukan wani irin dila na dajin Amurka, ya ba mutum uku kari guda amma kowa da muryarsa: ɗaya sarewa, ɗaya wata 'yar busa ta yumɓu, ɗaya muryoyin mutane. Ya haɗa da fito na Alessandro Alessandroni da jita mai lantarki, abubuwan da ba a saba ji a finafinan kaboyi ba. Masu kallon Indiya kuma ba sai an tuna musu da hamonikar da Amitabh Bachchan ke busawa da dare a Sholay na 1975 ba, yayin da Jaya Bhaduri cikin fararen kayan takaba take kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ko kalma ba su yi wa juna a wurin ba, busar ce ta faɗi komai.

Na'urar Yaya tana da muryoyi ɗaruruwa, har da wadda aka rubuta wa sarewa. Ya ƙi ta. Ya ce sarewar inji ba ta numfashi. Ya aika aka nemo wani dattijo mai busa sarewa ta kara, ya biya shi daga aljihunsa, domin furodusa bai ware kuɗin wannan ba. Sai da aka yi wahala kafin a daidaita ta da fiyano, don sarewar gargajiya ba ta bin ma'aunin Turawa sak, a ƙarshe fiyanon aka karkata ya bi ta. Ana jin iskar bakin dattijon a cikin naɗin, wani yaro ya ce a goge, Yaya ya hana.

Ina so in faɗi wani abu game da masu wannan aiki. Yawancin waɗanda na sani ba su karanta rubutun kiɗa ba, da kunne suka koya, a bayan wani, suna naɗe waya suna share ɗaki. Kuɗin yana wajen waƙa, domin ita ake sa wa a biki a kuma saurara a waya. Kiɗan ƙasa kuwa sau da yawa cewa ake, "A ɗan zuba mana wani abu a nan," wani lokaci ma edita ne ke yanko na wani fim ɗin waje ya liƙa. Wannan yana ɓata mini rai, domin na ga abin da mutum ɗaya mai kishin sana'arsa zai iya yi da amo bakwai. Sunansa yana fitowa a can ƙarshe, bayan kowa ya tashi. Duk da haka yana yi, don ya san daɗin ya wuce ta kasuwa ya ji wani da bai san shi ba yana fito da abin da ya haifa.

Saura dasawa a cikin fim. Fitowar farko ita ce ɗaurin aure tsakanin take da mai shi, don haka dole a ji shi sarai, babu magana a kansa, fuskar mutumin tana cike da allo. Yaya ya sa shi a inda uwar ke tsaye a bakin zaure motar ɗanta tana nisa. Daga nan sai ya riƙa dawowa da kaya daban-daban: a hankali da fiyano lokacin da yaron ke ƙirga kuɗi a ɗakin haya, da sauri a ƙarƙashin ganga lokacin da yake gudun masu binsa bashi, amo uku na ƙarshe kaɗai lokacin da waya ta yi ƙara ya ƙi ɗauka. Haka ake yi wa take, ana sauya masa riga ba a sauya masa fuska.

Darakta ya so a sa shi a duk inda aka ambaci uwar, wajen sau ashirin. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka yi haka zai zama ƙararrawar waya." Suka daidaita a kan tara. Hana take ma dabara ce. A Jaws akwai inda yara biyu suka tsorata jama'a da fiffiken kifi na ƙarya, kuma Williams bai sa kiɗan a wurin ba, don kada ya yi wa mai kallo ƙarya. Da mutane suka gama yarda cewa in babu kiɗa babu kifi, sai ga shi ya ɓullo a bayan jirgin ruwa shiru, ba sanarwa. A fim ɗin Leone na 1968 kuwa, ana jin hamonikar Charles Bronson tun daga farko ba a san ma'anarta ba, sai a ƙarshe aka nuna cewa mugun da Henry Fonda ya fito a matsayinsa ne ya cusa masa ita a baki yana yaro, yayansa na tsaye a kafaɗarsa da igiya a wuya.

Haɗa sauti da daidaita shi da magana aikin kwana ɗaya ne, sai dai Yaya ba ya yarda da manyan lasifikansa. Yakan tura kiɗan cikin wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya fita bakin titi inda 'yan adaidaita ke hon, ya kunna. A nan jama'a za su ji shi, a nan yake yanke hukunci.

Na kalli fim ɗin da aka gama a wani ɗakin kallo, cikin mutane. Tsawon minti ashirin gab da ƙarshe babu taken ko sau ɗaya, har da inda aka gaya wa yaron uwarsa ba ta da lafiya, har da doguwar tafiyarsa a mota. Ya iso, ya tsaya a bakin zauren nan, babu kowa. Sai sarewar dattijon ta shigo ita kaɗai, ta taka matakai ukun, ta ja numfashin, amo na bakwai kuma a wannan karon ya sauka gida. Wata mata a layin gabana ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska tun kafin a nuna ko uwar tana raye.